BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: KAYAN FACI NA MOTAR ƘWALISA

Yau zan ɗan kauce daga zancen girki da ɗinki, in kai ku bakin hanya. Na san wata za ta ce, "Ina ruwan mace da taya? Wannan ai aikin direba ne." To, ki yi haƙuri ki karanta. Ni ma da haka na ke cewa, sai da rana ta ƙwalle mini a tsakiyar ka sa'an nan na sake magana.

Ga yadda aka yi. Yayana ya sayi wata 'yar mota ja ta hannu, mai kujera biyu tak, rufinta kamar na laima, ana naɗe shi baya in ana son shan iska. Sunanta Mazda MX-5, ƙirar Japan ta 2008. Irinta su ne na ke kira motocin ƙwalisa: gajeru, cikinsu kusa da ƙasa, ga gudu kamar barewa. Ran wata Asabar cikin bazara muka tashi daga Kano za mu Zariya bikin wata 'yar'uwarmu. Na sha lalle hannu da ƙafa, na ɗaura ɗankwali, ina ta jin kaina. Mun wuce Kwanar Dangora, ba mu kai Tashar Yari ba, sai na ji motar tana rawa, wata ƙara na tashi daga baya, fat-fat-fat. Yaya ya sassauta, ya gangara gefe. Muka fito muka tarar tayar baya ta kwanta, ga kan ƙusa nan yana ƙyalli a jikinta.

Ya ce, "Kada ki damu, Malama, aikin minti goma ne." Ya buɗe but, ya sauke akwatina da kwanonin gudummawa, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa. Babu safaya. Kai, ko gurbin da za a sa ta ma babu! Ya shiga faɗa, wai dillali ya cuce shi. Can a lungu muka sami wata 'yar jaka, cikinta da kwalba da ɗan famfo mai waya. Ranar da aka rubuta a jikin kwalbar ta wuce da shekaru, ruwan ciki ya yi gudaji kamar kokon da ya kwana. Wani direba ya tsaya ya ara mana jak, jak ya ƙi shiga ƙarƙashin motar don ta yi ƙasa da yawa. Sai da wani dattijo ya fito daga gona da fartanya ya tona ƙasa, aka shimfiɗa dutse, sa'an nan jak ya sami wurin zama. Yaya ya hau babur rungume da taya ya tafi neman mai faci, ya bar ni ina gadin mota. Allah ya saka wa dattijon nan da alheri, bai tafi ba sai da Yaya ya komo. Muka shiga Zariya bayan magariba, an riga an kai amarya.

Ashe dillali bai cuci kowa ba. Haka motar ta fito daga maƙera. Mazda ta soma yin wannan mota a 1989, kuma na farkon duk suna da 'yar siririyar safaya a but. Daga ƙirar 2005 aka cire ta, aka maye gurbinta da kwalbar liƙi da famfo. Ba ita kaɗai ba ce. Chevrolet Corvette ta Amurka ta rabu da safaya tun 1997, Porsche 911 ta Jamus kuma ta bi sahu wajen 2005. Dalilinsu shi ne nauyi da wuri: motar gudu ba ta son kaya, but ɗinta kuwa akwati biyu ƙanana sun cika shi. Wani abin kuma, a wasu motocin tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, safaya ɗaya ba za ta dace da duka huɗun ba. Abin dariya, a farkon zamanin mota ma haka a ke, ba safaya, direba ne ke zama bakin hanya ya yi faci da kansa. Sai a 1904 wasu 'yan'uwa biyu masu sayar da kayan ƙarfe a garin Llanelli na Birtaniya suka ƙago wilin da a ke maƙalawa in an yi faci. Shagonsu yana kan wani titi mai suna Stepney, har yau kuwa a Indiya da sunan titin nan a ke kiran safaya. Watau an yi shekara ɗari ana tafiya, an komo inda aka tashi.

Masu ƙera motocin nan sun yi su ne don ƙasashen da in ka buga waya motar ɗauka za ta zo. Mu kuwa mun san hanyoyinmu, mun kuma san dare bai kamata ya riski kowa a dawa ba, balle mace. Don haka wanda ke da irin wannan mota, ko matarsa, ko ƙanwarsa mai shiga, tilas su haɗa kayansu tun daga gida.

Kafin ki sayi kome, durƙusa ki karanta gefen taya. A ta Yaya an rubuta 205/45 R17. Ku 'yan makaranta, ga lissafi: 205 shi ne faɗin taya a milimita, 45 kuwa na nufin tsayin gefenta kashi 45 ne cikin ɗari na faɗin. Ku buga ku gani, milimita 92 ke nan. Motar gida mai taya 195/65 R15 nata gefen ya kai milimita 127. Wannan ratar ita ce tushen wahalar. Taya mai gajeren gefe tana riƙe hanya da kyau a kwana, amma in ta faɗa rami ba ta da inda za ta lanƙwashe, sai bakin ramin ya matse robar a jikin wili ya yanke ta. Har wa yau, in iska ta ragu ido ba ya gane wa da wuri, don dama can a kwance ta ke. Akwai kuma wasu lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kin ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na 2019. Masu ƙera mota da dama sun ce a canja taya in ta shekara 6, masu yin taya kuma sun ce kada ta wuce 10 ko da zanenta bai cinye ba. A zafi irin namu ni dai ina bayan masu cewa 6.

To, abu na farko da zai shiga jaka shi ne famfo, irin wanda a ke jonawa a ramin wutar da ke cikin mota. Ko kin manta da kome kada ki manta da shi, gama sau da yawa ƙusa ba ta sace iska gaba ɗaya, a hankali ta ke tsiyaya. In haka ne, ba sai kin taɓa ƙusar ba. Ki ba taya iska, ki yi tafiya kaɗan, ki tsaya ki ƙara, har ki isa gari. A bar inji yana aiki sa'ad da a ke ba da iska don kada batir ya mutu, kuma in famfon ya yi minti goma a bar shi ya huce. Ki haɗa shi da ɗan geji na awon iska. Adadin iskar da motar ke so yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba. Ta Yaya 29 ce a ma'aunin da masu faci ke aiki da shi. Na sha ganin mai faci ya ɗura 40 ko 45 a kowace taya ba tambaya, yana ganin alheri ya yi. Ki gaishe shi da ladabi, ki nuna masa takardar.

Sai kwalbar liƙi, wadda ta ba mu kunya. Wani farin ruwan roba ne a ciki. Ana tura shi cikin taya ta bawul, a bi shi da iska, sa'an nan a tashi nan take a yi tafiyar kamar minti goma don ya zagaye ciki ya toshe ramin. Daga nan a tsaya a sake aunawa. Wata kwalbar da hannu a ke matsa ta, wata kuwa famfon ne ke tura ruwan, saboda haka ki karanta takardar taki tun kina gida. Kada a cire ƙusar in za a yi aiki da shi. Ramin da ya wuce kamar milimita 4 ya fi ƙarfinsa, kuma bayan an sa shi ba a wuce gudun kilomita 80 a awa. Babban abin lura shi ne ranar lalacewa. Kamar maganin asibiti ya ke, yana da wa'adi, but ɗin mota kuma tanda ce a watan Afrilu. Ni na rubuta ranar tamu da babban baƙi a bayan kalandar ɗaki. In an kai tayar wurin mai faci a gaya masa an zuba ruwan, don sai ya wanke ciki kafin faci ya kama.

Amma in kin tambaye ni, abin da na fi yarda da shi shi ne igiyar faci. Ana sayar da ita wurin masu kayan mota, kuɗinta kaɗan ne. Za ki ga wasu igiyoyi masu danƙo, tsawon ɗan yatsa ko fiye, da ƙarafa biyu masu mariƙi: ɗaya mai kaushi kamar magagari, ɗaya mai kafa kamar basilla. Duk wadda ta taɓa ɗinka bakin buhu za ta gane aikin. A zare ƙusa da filaya. A tura mai kaushin cikin ramin, a yi ta sama da ƙasa har ya gyaru. A zura igiya cikin kafar basillar har tsakiyarta, a danna cikin ramin har kashi biyu cikin uku ya shige, sa'an nan a fizge ƙarfen a miƙe ba murɗawa. Igiyar za ta zauna. A yanke abin da ya yi saura da reza, a ba da iska, a ɗiga ruwan sabulu a wurin. In ba kumfa, an dace. Ba zan ɓoye muku ba, dannawar na son ƙarfi. Ranar da na fara gwadawa a kan tsohuwar taya sai da na hau kan mariƙin da nauyina duka, na yi gumi sharkaf. Kyawunta shi ne ba ta ɓata cikin taya, sau da yawa kuma ba sai an kwance wili ba, a gusa motar kaɗan kawai har ƙusar ta zo inda hannu zai kai. Shawarata: da rana, in da natsuwa, a yi da igiya, in ruwa a ke yi ko duhu ya gabato, a zuba ruwan kwalba a bar wurin. Su biyun duk na taya marar tif ne, kuma na wucin gadi ne. Facin gaskiya daga ciki a ke yinsa, bayan an cire taya daga wili an duba ta.

Yanzu ga inda ya kamata a faɗi gaskiya. Igiya da ruwan kwalba suna aiki ne a fuskar taya kaɗai, inda ke taka ƙasa. In gefe ne ya yage, ko ya yi ƙulu kamar ƙwai bayan an faɗa rami, to babu abin da ke cikin jakar nan da zai yi magani, kuma ko mai faci ya rantse zai ɗinke miki kada ki yarda. Gefen taya shi ke lanƙwasa a kowane juyi, faci ba ya zama a nan, ranar da zai saki kuwa cikin gudu zai saki. Ga wannan, hanya biyu ce. Ko dai lambar mai motar ɗauka tana cikin waya, an kuma rubuta ta a takarda saboda ranar da caji zai ƙare. Ko kuwa a sayi 'yar siririyar safaya don doguwar tafiya. Yaya ita ya saya daga baya, ta cinye rabin but, akwatina ya koma ƙarami. In za a saya a tabbata ramukan notocinta sun dace, kuma ba ta gogar birki, gama birkin motocin nan manya ne. Irin wannan safaya iska 60 ta ke sha, ita ma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita. Ki tanadi babban buhu kuma, don a wasu motocin tayar da aka cire ba ta shiga but, sai dai ta zauna a kujerar fasinja, ko a cinyar fasinjan. Wata fa'idar safaya a nan gida: ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, sukan tambayi safaya da alamar gargaɗi da tukunyar kashe gobara, bayanin yadda Japan ta ƙera mota kuwa a tsakar rana ba shi da daɗi.

Wasu motocin ƙwalisa suna zuwa da taya mai ƙarfafan gefe wadda ke iya tafiya ba iska, kimanin kilomita 80, a gudun da bai wuce 80 ba. In irinta ce a motarku, madalla. Sai dai motar hannu ta biyu sau da yawa an riga an canja mata tayoyi da na gama-gari masu araha, saboda haka a duba, kada a zata.

Mu komo kan jak, tun da shi ya sa dattijo tonon rami. Jak ɗin da ya dace da motar nan shi ne mai naɗewa kamar almakashi, wanda in ya kwanta bai fi tafin hannu tsayi ba. A gwada shi a gida, amma a tuna mota mai faci ta fi haka ƙasa. Dabarar ita ce guntun katako mai kauri, tsawon kamu biyu: a ajiye shi gaban tayar da ta kwanta, a tuƙa a hankali ta hau kai, motar ta ɗan ɗaga, jak ya shige. Wani katakon mai faɗi kuma a shimfiɗa ƙarƙashin jak, don gefen hanyoyinmu yashi ne. Akwai wurin da aka keɓe wa jak a ƙarƙashin mota, kusa da kowace taya, littafin motar ya nuna shi. In an kafa a wani wuri dabam ƙarfen zai lotsa. Kada kuma kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko hannu ne, ko don ɗauko notin da ya gangara.

Sifanan da ke zuwa da mota gajere ne ƙwarai, masu faci kuwa da inji su ke ɗaure noti. A nan ne mata da yawa ke sarewa su ce ba su da ƙarfi. 'Yan aji, ku tuna darasin da muka yi na ɗaga dutse da doguwar sanda. In tsawon mariƙi ya ninka, ƙarfin da a ke bukata ya ragu da rabi. Ki nemi sifana mai dogon mariƙi, ko guntun bututun ƙarfe da za a zura a kan gajeren. Da shi yarinya 'yar aji uku za ta kwance abin da ya gagari ƙato. Amma don kwancewa kaɗai; in an ɗaure da bututu za a iya tsinke ƙarfen. Ana sassauta notoci tun taya na ƙasa, sa'an nan a ɗaga. Wajen mayarwa a fara da hannu, a riƙa tsallakawa daga wannan zuwa na daura da shi, in mota ta sauka a ƙarasa ɗaurewa. Ki duba notocin da kyau yau ɗin nan: in ɗaya a kowace taya kansa ya bambanta da sauran, to na maganin ɓarayi ne, yana da ɗan makullinsa. In makullin nan ba ya cikin mota, jak da sifana duk sun zama kayan ado.

Sauran ƙanana ne, ba sai na daɗe a kansu ba: tocila da batir, safar hannu, tsumma, gorar ruwa da guntun sabulu, abin cajin waya, da 'yan kuɗi a hannu don mai babur da mai faci. Na ƙara da abu biyu da maza ba za su tuna ba, tsohon zane na durƙusawa da takalmi marar tsini. Kafin ki kama aiki ki cire awarwaro da zobe, ki ɗaure gyale ko hijabi ta baya tamau don kada ya sarƙe a jak.

Alamar gargaɗi, jar nan mai kusurwa uku, ita ce abin da za ki fara fitarwa, don haka a sama za ta kwana. Motocin da ke wucewa babban haɗari ne ga mutane wajen faci, motar ƙwalisa kuwa gajeriya ce, direban babbar mota ba ya hango ta da wuri. In taya ta fashe cikin gudu, kada a taka birki da ƙarfi. A riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur, a bar motar ta rage da kanta. A nemi wuri mai faɗi, ba kan kwana ba, ba bayan tudu ba, ko da za a ja tayar a hankali ta lalace. Ana sayen wata. A kunna fitilun gargaɗi, a ja birkin hannu, a sa giya, a tokare da dutse tayar da ke ɗaya ɓangaren, a kai alamar baya kamar taki hamsin ko fiye. Direbobinmu sukan jera ganye a kan titi, dabara ce mai kyau da rana. Roƙona dai a kwashe ganyen da duwatsun in an gama, don mai babur da zai biyo da dare.

Jakar da na haɗa wa Yaya tsohuwar jakar makarantata ce, kome ya shiga in ban da katako da jak. Ranar da na gama na ce masa sai mun gwada a tsakar gida. Ya ce, "Haba Malama, wa zai kwance taya lafiyayya?" Na ce, "Yaya, ni ce na yi gadin mota awa uku." Ya yi dariya ya kawo makulli. Da muka gwada sai muka tarar wayar famfon ba ta kai tayar baya ta ɓangaren fasinja sai an zaro ta ta taga, kuma bakin sabon sifanan ya yi wa ramin wilin kauri, bai shiga ba. Washegari ya koma kasuwa aka canja masa da mai siririn baki. Yanzu duk farkon wata, ranar da na ke auna hatsin gida, nakan fita da geji in auna tayoyi huɗu da safaya, da sassafe kafin rana ta taɓa su.

Wadda ke da tambaya a kan lambobin tayar gidansu ta rubuto su yadda su ke, za mu karanta tare a wannan fili. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.